Banini Za A Yi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan zaure. Da farko ina neman afuwa bisa jinkirin da aka samu. Wasu sun rubuto suna tambaya ko 'yan sanda ne suka tsare ni a kan takardun zama, wata baiwar Allah daga Maraɗi kuwa har addu'ar samun rahama ta yi mini. Ina godiya, amma ina nan da raina. Abin da ya same ni bai kai mutuwa ba, ko da yake akwai lokacin da na yi fatan ya kai.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa: sunana Muƙaddas, haifaffen Kano. Ina da difloma a fannin saye da adana kaya, ina kuma kula da sito a wani kamfanin gine-gine a nan Sabha, garin Larabawa a cikin hamada, inda kuɗin mai ya sa bana duk inda mutum ya juya gini ne ke tsirowa kamar naman kaza. Ina neman auren Fassouma, 'yar farin Alhaji Hassoumi, mutumin Damagaram mai sayar da tayoyi, wanda gidansa ke unguwar Abdulkafi. Alhaji ya aiko mini cewa washegarin Babbar Sallah in zo mu zauna, in faɗi da bakina abin da ke kawo ni ƙofar gidansa. 

Wajibi ne in bayyana muku wace ce Fassouma a gaban murhu. Ita ke girkin gidansu, ba don an tilasta mata ba, sai don ba ta yarda wani ya taɓa mata tukunya. Dambunta na zogale yana sa mutum ya yafe wa maƙiyansa. Ta koyi taliyar Larabawan nan mai jan miya har ta fi su iyawa, su da kansu suke aiko da kwano. Tana kirana Mushe, wanda a Hausarsu ta Nijar ke nufin malami mai ilimin boko. Na taɓa yi mata bayani cikin natsuwa cewa a Kano mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Ta ce ta sani.

Wata rana muna zaune a kan benci a ƙofar gida, ta ba ni labarin wani abu da ta gani a kicin ɗin maƙwabtansu Larabawa, ranar da ta je taya su aikin biki.

"Mushe, abin kamar bakin kada. A tsaga hubza, a zuba kifin gwangwani da cuku da harisa, a tura masa, ya datse. Kafin ka wanke hannu ya fito da zafinsa, da zane-zane a jiki kamar tsagar Gobirawa."

Hubza dai shi ne dogon burodin ƙasar nan, harisa kuma niƙaƙƙen barkononsu. Ta faɗi maganar ta wuce zuwa wata. Ni ban wuce ba. Na ɗauke ta na adana, domin adana kaya shi ne abin da na karanta.

Da Sallah ta matso na shaida wa Gwadabe, abokin zamana a ɗaki, direban tifa, cewa na yanke shawarar goron Sallar da zan kai.

"Ƙarfe?" in ji shi. "Budurwa za ka kai wa ƙarfe? Ina atamfa, ina turare, ina takalmi mai tsini?"

"Atamfa kowa na iya kaiwa. Wannan kyauta ce mai nuna cewa ina sauraren ta."

"Kyauta ce mai nuna kana jin yunwa. Malam, ka kai mata abin girki tun kafin a ɗaura, ai ka nuna mata ofishinta ke nan."

"Ba ka fahimci halinta ba."

"Na fahimci halinka. Kai ko ruwa za ka sha sai ka karanta bayan kofi."

Akwai gaskiya a cikin maganarsa.

Na tafi kasuwar Jadid, wani babban kanti na kayan lantarki da ya cika har rufi da firji da talabijin da fankoki. Larabcina na Islamiyya ne, irin wanda idan na yi shi a kasuwa mutane ke tsayawa su ce amin. Na yi wa mai kantin bayani da jimla cikakkiya. Ya kawo mini dutsen guga. Na sake bayani. Ya kawo abin kama sauro. Daga ƙarshe na ajiye mutuncin diflomata a gefe, na haɗa tafukan hannuna, na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, ina kwaikwayon kada a gaban jama'a.

"Aaa!" in ji shi. "Banini!"

Ya sauko da na'ura biyu. Babbar baƙa ce, mai murfi kamar ƙofar sito, tana ɗaukar hubza da yawa a tashi ɗaya. Ƙaramar ruwan azurfa ce, ƙirar Italiya, murfinta yana ɗagawa ya daidaita da kaurin abin da aka sa, tana da 'yar tasa a ƙasa mai tare maiƙo, faffaɗan ƙarfenta mai layi-layi kuma an shafe shi da abin da ke hana kamu. Na tambayi ƙarfin wutar kowacce. Na tambayi ko filoginsu zai shiga soket ɗin gidajen Abdulkafi. Na sa aka kunna babbar, na ga yadda ta yi zafi nan take, aka kashe ta, ta ƙi hucewa. Na tuna cewa wayar wutar gidan Alhaji siririya ce, idan aka kunna hita da talabijin tare sai fitila ta yi ja kamar mai jin barci. Babbar za ta jefa gidan cikin duhu, har da maƙwabta. Na koma kan ƙaramar. Na sake komawa kan babbar, don kada in zalunce ta. Mai kantin ya sha shayi, ya yi sallar azahar, ya dawo ya same ni ina karanta takardar bayani ta ɓangaren Turanci.

"Bahi?" ya ce, wato ya yi? A muryarsa na ji roƙo.

"Bahi," na ce, na ɗauki ƙaramar.

A nan ne, 'yan uwa, na yi tunanin da ya kusa halaka ni, kuma na yi shi ne cikin tsanaki. A jikin kwalin an rubuta sunan abincin da harafin P, wanda babu shi a Larabci, babu shi a Hausa. Bakano zai ce fanini. Balarabe ya ce banini. Na auna, na ga cewa mai kaya ya fi ni sanin sunan kayansa, kuma Fassouma a gidan Larabawa ta gan shi. Na zaɓi banini. Duk hanyar komawa Gurda, unguwarmu, ina maimaitawa don kada harshena ya zame.

Yanzu sai in gabatar muku da ƙanwar Fassouma. Sunanta na yanka Zoulaïhatou, ta haura shekara ashirin, tana kitso da lalle, bakinta kuma ba ya hutu. Tun tana ƙarama duk abin da aka ɗaga za a raba sai ta yi tsalle tana cewa "Ni! Ni!" Sunan ya bi ta. Duk Abdulkafi babu wanda ya san Zoulaïhatou. Nini kowa ya sani. Ni ma na sani. Ina so a rubuta cewa na sani.

Ranar jajiberi da hantsi na sa shaddata ruwan toka, na ɗora jaket saboda sanyin Sabha na wannan wata ba ya girmama shadda, na kafa hula, na rungumi kwalin da na naɗe da takarda mai furanni. Na ƙwanƙwasa koriyar ƙofar ƙarfen. Ragon layya yana ɗaure a soro yana kallona kamar ya san makomarmu ɗaya. Na yi fatan Fassouma ce za ta fito. Sai ga Inna Ouma, mahaifiyarta, hannunta duk garin cincin.

Na zube ƙasa. Na gaishe ta, na gaida gajiya, na gaida sanyi, na gaida Alhaji da ba ya nan, idona a kan silifas ɗinta.

"Sun tafi kasuwa sayen kayan miya," in ji ta. "Sannu da ɗawainiya. Wannan kwali fa, me za a yi da shi?"

Ku lura da matsayinmu. Ni ba zan iya furta sunan Fassouma a gaban mahaifiyarta ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ita ma ba ta furta shi, domin 'yar fari ce, "babbar" kawai take ce mata. Mutum biyu ke nan a soro ɗaya, babu mai iya faɗin sunan wadda ake magana a kanta. Don haka na amsa tambayar da na ji an yi mini.

"Banini za a yi, Inna."

Ta matso kusa.

"Ba Nini za a yi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ɗan nan, ɗago ka faɗa mini. Ka ce ba Nini?"

Ban ɗago ba. A raina har yaba mata nake, dattijuwa ta kama baƙuwar kalma a ji ɗaya. "Haka na ce, Inna. Na daɗe ina tunani kafin na tsayar da shawara."

"To, babbar fa?"

Akwai hoton na'urorin biyu a gefen kwalin, inda takardar ta ɗan yage. Na ɗauka shi ta gani. Na ji daɗi ƙwarai da aka zo fagen da na ƙware.

"Ai na duba babbar, Inna. Na daɗe ina dubanta, kuma ba zan ce ba ta da inganci ba. Sai dai tana da nauyi. Ga saurin ɗaukar zafi, in ta yi zafi kuma ba ta hucewa da wuri. Ga ci, Inna, ci ba na wasa ba. Gida mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya da ita ba. Ƙaramar kuwa sabuwar fitowa ce, ba ta da wahalar sarrafawa, duk inda aka ajiye ta nan za ta zauna."

"Duk inda aka ajiye ta," Inna ta maimaita a hankali. "Lallai ba ka san ta ba."

"Na yi bincike a kanta sosai, Inna."

Ta karɓi kwalin da hannu biyu, ta ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," da irin muryar da ake yi wa mai tafiya asibiti. Na tashi na fita ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Ranar Sallah na dawo daga idi, na duba waya. Babu komai. Na rubuta: "Barka da Sallah. Ina fatan saƙona ya iso lafiya, kuma ya dace da buƙata." Shiru. Na cire batir na mayar. Na ɗaga wayar sama a tsakar gida ko sabis ne. Gwadabe da sauran mutanen gidanmu suna fiɗar ragon da muka yi karo-karo muka saya, ni an ba ni riƙon ƙafa, ina riƙe da hannu ɗaya, waya a ɗayan.

Sai ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Mushe barka da salla. Marsi da kado. Wlh ban san haka kake ji ba, ashe duk zaman benci ni kake hange. Inna ta gaya mini komai har da sabuwar fitowa. Taka, Nini."

Marsi da kado, a bakin mutanen Nijar, godiya ce bisa kyauta. Na saki ƙafar ragon. Na karanta wa Gwadabe, na ce lallai akwai kuskuren isar da kaya.

"Tsaya," in ji shi, wuƙa a hannu. "Me ka ce wa tsohuwar? Faɗi yadda ka faɗa."

"Na ce banini za a yi."

"Sake faɗi. A hankali. Raba shi biyu."

"Ba... ni..."

Ban ƙarasa ba. Gwadabe ya ajiye wuƙa, ya zauna a ƙasa cikin jini da ruwa da sabon wandonsa na Sallah, yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa. Da na ƙara masa da bayanin babbar da ƙaramar, sai ya kwanta. Mutanen gida suka taru, aka maimaita musu, wani Bazabarme da Hausarsa ba ta nuna ba ya sa aka fassara masa, shi ma ya zauna.

"Ga ci!" Gwadabe ke ihu. "Ya ce wa uwar yarinya ga ci! Difloma, wallahi ko tifa ta taka ka ba za ta yi maka wannan aikin ba!"

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na kira Fassouma, ba ta ɗauka ba. Na rubuta mata dogon saƙo mai sakin layi, na bayyana tarihin kalmar, da rashin harafin a harsunan biyu, da batun siririyar waya. Wayar ta raba shi kashi-kashi ta aika. Bayan la'asar amsa ta zo.

"Na san banini tun kafin ka san hanyar Jadid. Ina buɗe kwalin na gane."

Na yi hamdala a fili. Na rubuta: "To don Allah ki warware wa Inna da Alhaji."

"A'a."

"Ban fahimta ba."

"Tun bara kake zuwa gidanmu. Ka gaida Baba, ka gaida Inna, ka gaida rago. Ko sau ɗaya ba ka taɓa faɗin sunana a gaban wani ba. Da ka ce na Fassouma ne, da duk wannan bai faru ba. Gobe Baba zai tambaye ka wace ce. In bakinka ya buɗe, to. In bai buɗe ba, Nini ta ce ba ta ƙi ba, dama tana son mai albashi."

"Wasa take yi, ko?"

"Tambaye ta. Ni ina da nauyi, ba na iya tashi in tambayo maka."

Washegari bayan azahar na isa. An shimfiɗa darduma a ɗakin baƙi, hita na ci a kusurwa, ƙamshin soyayyen nama ya cika gidan. Alhaji Hassoumi na zaune da farar jallabiya da carbi, fuskarsa ba ta nuna komai, irin fuskar mutumin da ya saba sayar wa direbobi taya. A gefensa ga amininsa Malam Assoumane, wanda aka kira don ya zama shaida. Ni kuma Gwadabe na kawo, bisa rashin wani, bayan ya rantse mini ba zai yi dariya ba. Labulen ƙofar ciki yana motsi ba tare da iska ba.

Aka yi gaisuwa har ta ƙare, aka sake wata.

"To, Muƙaddas," in ji Alhaji. "Ni dai na san benci guda na ajiye a ƙofar gida, na kuma san wadda ke zama a kai. Shekaranjiya uwarsu ta zo mini da wani labari daban. Ba na hana mutum canza ra'ayi, taya ma ana canzawa. Amma 'ya'yana ba kanti ba ne da za a sauko da biyu a gwada. Wace ce kake nema?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne: "Ranka ya daɗe, alal haƙiƙa, idan aka yi la'akari da asalin kalmar..."

"Ban tambaye ka kalma ba."

"Wato, ita wadda... babbar..."

"Babbar da ka ce ko babbar da na haifa?"

Gwadabe ya yi wani sauti ta hanci ya mayar da shi tari. Gumi ya jiƙa mini hula a cikin wannan sanyi. Na ji ƙarar awarwaro a bayan labule, na kuma ji muryar Nini ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ba zai iya ba, ki ba ni atamfar da kika yi alkawari." Ashe har caca aka yi a kaina.

Ban san daga inda muryar ta fito ba. Na yi niyyar in faɗa cikin ladabi, a tausashe, kaina a ƙasa. Amma abin da aka daɗe ana dannewa ba ya fita da awo.

"FASSOUMA!"

Malam Assoumane ya zubar da shayinsa. A waje wani kare ya amsa.

"Fassouma nake so, ranka ya daɗe. Ita nake nema, ita na saya wa, ban taɓa duban wata ba, kuma duk abin da na faɗa a soro a kan na'ura na faɗe shi, Allah ne shaida, na'ura mai filogi!"

Alhaji ya ja carbi ɗaya, biyu. Gefen gemunsa ya motsa.

"To, mun ji. Mutanen Gurda ma sun ji. Ka rubuta wa magabatanka su wakilta wanda zai zo."

Guɗa ta tashi a cikin gida, na kuma gane muryar Inna Ouma a ciki. Labule ya buɗe, Nini ta shigo da tire, cikin leshi ruwan goro da ɗaurin da ya kusa taɓa saman ƙofa. Ta dire a gabana. Hubza ce an tsaga, an cika da naman Sallah, an datse ta fito da layi-layi, tana tururi, kyakkyawa kamar a hoton kwalin.

"Na'urar dai tawa ce, Mushe, gaban shaidu aka ba ni," in ji ta. "Aro na bayar. Wannan naka ne kai kaɗai, an ce kada kowa ya taɓa."

"Ci mana," in ji Alhaji. "Girkin gidanka ne."

Na ɗauka da hannu biyu, na yi bisimilla, na gatsa.

'Yan uwa, akwai nama a ciki, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma an sa shi ne don ya raka harisa. Wuta ta kama daga harshena ta haura kunnuwa, ta sauko ta hanci. Ga surukina a gabana yana kallo, ba halin furzarwa, ba halin neman ruwa a loma ta farko. Na tauna. Na haɗiye. Hawaye suka zubo mini shar, suna ɗiga a kan shadda.

"Allah sarki," in ji Malam Assoumane, ya dafa kafaɗar Alhaji. "Dubi yaron nan. Rabon da in ga so irin wannan tun muna Damagaram."

Wayata ta motsa a aljihu. Na zaro ta a ɓoye a gefen gwiwa, na share ido na karanta.

"Na ji ka, Mushe, har cikin kicin. Cinye duka. Wannan na 'nauyi' ne. Na 'ci' yana kan wuta."